Kwalin motar wasa ya sha ruwa? Kada ka kai shi rana

Mu mutanen Damagaram neman ruwa muka saba yi, ba gudunsa ba. Wanda ya tashi yana jiran ɗan garuwa tun asuba, ko yana bin layin famfo da bido biyu a hannu, ba ya kawowa a ransa wata rana ruwa zai biyo shi har ƙarƙashin gado. Daminar 2024 ce ta koya mana, ita ce wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni a farkon Satumba. Ni abin da ta taɓa mini bai kai a faɗa a gaban waɗanda suka rasa ɗakuna ba. Adaka ce guda, ta marigayi mahaifina, mai ɗauke da ƙananan motocin ƙarfe 31, kowace cikin kwalinta.

Baba direban babbar mota ne, hanyar Tanut da Agadas. A can wajen Turawan da ya yi wa aiki ya ɗauko wannan ɗabi'a ta tara motocin wasa, ya kuma hana mu taɓawa. In ka miƙa hannu sai ya ce, "Na kallo ne." Akwai Matchbox na Ingila, waɗanda kamfanin Lesney ya fara yi a 1953 cikin ɗan kwali mai kama da na ashana. Akwai Dinky na Faransa masu ruwan ɗorawar kwali, da aka ƙera a Bobigny kusa da Paris, cikinsu har da Berliet ɗin Sahara wadda ya fi so don irinta ya gani da idonsa a hanya. Sauran Majorette ne, kamfanin da aka kafa a yankin Lyon a 1961, wasunsu a manne jikin kati cikin ƙoƙon roba garau, ba a taɓa ɓallewa ba. Masu tara irin wannan kaya kan ba kwalin daraja ƙwarai, don mota kan yi shekaru tana yawo a gida, amma kwali ranar da aka sayo yaro ke yayyaga shi. Shi ya sa mota mai kwalinta na asali ta fi tsirararta kuɗi nesa ba kusa ba. Ni dai ba sayarwa zan yi ba, rubutun Baba ne a kunnen wasu kwalayen, da fensir.

Indararo ya toshe, ruwa ya taru a kan soro, ya bi azara ya gangaro ta bangon gabas. Gindin adakar ashe tsatsa ta riga ta huda shi. Da safe na buɗe na tarar da na ƙasa tsamo-tsamo, na sama kuma sun yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi.

Abin da kowane Bahaushe zai yi shi na yi. Tumatir, kuɓewa, kilishi, katifar da yaro ya jiƙa, duk rana muke ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na jera kwalaye shida. Sai da na gama sannan na kira wani abokina da ya taɓa zama da masu adana tsofaffin littattafan ajami a Yamai, don in ba shi labari kawai. Bai bari na kai aya ba.

"Malam, kana ina yanzu? Je ka kwashe su. Ka kwashe tukuna, sannan mu gaisa."

Awa uku suka yi a rana. Biyu sun nannaɗe kamar fatar da aka manta a marina, ɗaya ya tsage a kan kari da na yi ƙoƙarin miƙe shi. Waɗannan shidan su ne mafi muni a yau, sun fi waɗanda suka kwana cikin ruwan lalacewa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kwali zare-zare ne na itace da aka danne wuri guda. In ya sha ruwa zaren ya kumbura, in ya bushe ya tsuke. Rana na busar da fuskar da ke kallonta cikin mintoci alhali bayan na nan jiƙe, sai ɓangare guda ya ja, ɗaya ya ƙi, kwalin ya tanƙware ya sandare a haka. Ga kuma launi: ja da ruwan ɗorawa su ke fara koɗewa. Na cikin ƙoƙon roba kuwa, zafi na mayar da ruwan tururi ya taru a kan motar, robar ta yi laushi ta canza siffa. Dutsen guga da injin busar da gashi da bakin murhu duk hukuncinsu ɗaya da rana.

Amma kuma ba zama za ka yi ba. Fumfuna na iya kama jiƙaƙƙiyar takarda cikin awa 48 in akwai ɗumi da laima, kuma marka ba ta rasa ko ɗaya. Da zarar laimar iska ta haura kashi 65 zuwa 70 cikin 100, gida ta samu. Kwana biyun farko su ne aikin.

Kafin ka ɗaga komai, ɗauki hoto da waya: yadda suke a jere, wace mota ke cikin wane kwali, kowace fuska. Za ka ga kamar ba za ka manta ba. Za ka manta. Sannan ka tambayi kanka wane irin ruwa ne. In na sama ne da ya biyo rufi, da sauƙi. In ambaliya ce ta kwararo da ta ratsa salga da bola, sa safar hannu, sa takunkumi, kada yara su zo kusa, kuma ka yarda tun yanzu cewa babban kwalin waje mai ramuka-ramuka a tsakiya, wanda aka zubo kayan a ciki, na shara ne. Da sitaci ake haɗa bayansa, in ya jiƙe rabuwa yake, kuma shi ke riƙe ƙazanta da wari.

Jiƙaƙƙen kwali ba a ɗaukarsa da yatsa biyu ta kunne. Zura tafin hannu ko murfin roba mai faɗi ta ƙarƙashi ka tallabo. Ka fitar da motar, domin nauyinta kaɗai ya isa ya huda gindin kwali. Kunnen da za ka buɗe shi ne wurin da ya fi saurin yagewa, don haka zura bayan ƙaramin cokali ko wuƙar da ba ta da kaifi ta ƙarƙashin harshen, ka turo shi daga ciki, kada ka ja. Motar ka goge da tsumma mai laushi ka kife ta, ruwan ciki ya tsiyaye. Jikinta zamak ne, gamin tutiya da alminiyam, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma ƴar wayar da ke riƙe da tayu tana yi, kuma tsatsar na zuba a kwali ta bar tabon da ba ya fita. Ɗigon man keken ɗinki a bakin tsinke ya ishe ta, bayan ta bushe. In akwai ƴar wayar ɗinkin takarda a jikin kwalin, miƙe ƙafafunta ka zare, ka ajiye a ambulan.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, don ban san da shi ba. Fuskar kwali mai sheƙi an shafe ta da wata farar ƙasa mai laushi kafin a buga hoto. In ta jiƙe sai ta zama kamar gam. Kwalaye biyu da suka jingina da juna, in ka bari suka bushe a haka sun zama ɗaya, ranar da ka ɓamɓare hoton wannan zai tafi jikin wancan. A raba su tun suna jiƙe, a hankali, kana zamewa gefe maimakon ɗagawa sama. In sun fara kamawa kada ka yi ƙarfi, ka bar su tare ka sa a firiza.

Maganar firiza: sanyi ba ya busarwa, ba ya kuma kashe fumfuna, tsayar da ita yake har ka samu sukuni. In kwalayen sun fi ƙarfin hannunka, sa leda mai tsabta tsakanin kowane biyu, zuba a jakar leda ka ɗaure, a kai inda sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Sai ka riƙa fito da uku ko huɗu kana yi. Matsalarmu a nan wuta ce. Firizar da ke narkewa da rana ta daskare da dare ɓarna take ƙarawa. Ni wajen wani maƙwabcina mai sayar da ƙanƙara na kai tara, don yana da janareto. Ya leƙa ledar ya dube ni.

"Malam, kwali ne fa."

"Kwali ne, Alhaji."

"To, Allah ya ba da lada," ya tura su ƙarƙashin ƙullin bisap.

Kada ka sa motocin kansu, kada kuma ka sa masu ƙoƙon roba, tsohuwar roba na tsagewa a sanyi.

Wurin shanya ɗaki ne mai inuwa, tagogi a buɗe in ba ruwa ake ba, fanka na juyawa dare da rana amma ba ta hura kayan kai tsaye. Iska ce ke aikin, kuma ana so ta ratsa sama da ƙasa. Na ɗaure tsohon labule shara-shara tsakanin kujeru huɗu ya zama kamar gado, ƙanana kuma na ɗora a kan rariyar uwargida, wadda har yau ana yi mini gori a kanta. Kafin ka ɗora, tsotse ruwan: kwantar da kwalin a kan farin yadi na auduga da aka wanke, ka dafa wani a sama da tafin hannu. Dafawa, ban da gogawa. Mu da muka yi lekol zamanin alƙalami da tawada mun san bibar, takardar shan tawada, in ka samu ita ce gaba. In babu, farar takardar fotokofi da ba a yi rubutu a kai ba ta wadatar. Jarida kam a'a, tawadarta na komawa jikin kwali. Yadi mai launi ma haka, kada atamfa ta yi maka rini.

In laka ta shafa, hannunka zai yi ta ƙaiƙayin gogewa. Bari. Jiƙaƙƙiyar laka in ka goge cusa ta kake cikin zaren. Ta bushe tukuna, sannan ka kaɗe da buroshi mai laushi irin na masu zane, daga tsakiya zuwa baki.

Yanzu ga inda ake cin nasara ko a faɗi, wato lokacin dannewa. In ka danne da wuri, kwalin zai manne da abin da ka ɗora masa, fumfuna kuma ta tsiro a ƙarƙashi. In ka makara ya riga ya sandare a karkace. Lokacin shi ne sa'ar da sheƙin ruwa ya ɓace, ka taɓa yatsa bai jiƙe ba, amma in ka kai shi kumatu ka ji sanyi-sanyi. A ɗakina wasu sun kai haka cikin yini guda, masu kauri sai da suka kwana biyu. Ka riƙa zagayawa, har da dare.

Ƙaramin kwali irin na Matchbox, in ka buɗe kunnuwan gefe biyu, da kansa yake kwantawa a kan karinsa na asali. Bi wannan karin, kada ka ƙirƙiro sabo. In ruwa ya riga ya saki gam ɗin haɗin, shimfiɗe shi gaba ɗaya, ya fi ma sauƙi. Jerin kuwa ga yadda na yi: allo mai santsi a ƙasa, na karatun yara na ara, sai farar takarda biyar ko shida, sai kwalin, sai irin wannan takardar a sama, sai wani allo. Duk fuskar da ke da hoto sai an raba ta da farar takardar da abin da ba ya mannewa. Abin da ya yi mini aiki shi ne takardar nan mai santsi da ake ɓare sitika daga jikinta, masu buga takardu na zubar da ita kyauta. Nauyi kada ya yi yawa da fari, littafi babba guda. Canza takardun bayan awa ɗaya ko biyu a yinin farko, daga nan safe da yamma, kana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har ya kai bulo biyu. Takardun da ka cire ka shanya su, su kam rana ba ta yi musu komai, gobe ka sake amfani da su. Sati biyu nake bari. Wanda na ɗaga a kwana biyar don ɗoki, kafin la'asar ya koma gidan jiya.

Akwai kwalayen da ba sa kwantawa, masu murfi ko masu ƴar tagar roba. Su daga ciki ake tallafa musu. Na kai ma'auni wajen kafinta a Zango ya yanko mini guntayen katako, kowane ya gaza cikin kwalin da kaɗan, na naɗe da farar takarda na zura, na kuma ɗaure waje da tsiri na farin yadi, sako-sako. Igiyar roba na barin shaida.

Masu ƙoƙon roba su ne ciwon kai. Darajarsu a wajen masu tarawa ita ce ba a taɓa buɗewa ba, ga shi kana kallon ɗigon ruwa a gilashin motar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in ruwa ya shiga, akwai inda mannin ya saki. Nemo wurin, jingine katin yadda kafar za ta kalli ƙasa, ka zura siririn tsinken farar takarda ya riƙa jawo ruwan, kana sauyawa. Wajen dannewa, katin kaɗai ake dannewa: kifa shi a kan littattafai biyu, ƙoƙon na rataye a tsakani, nauyi a gefe-gefe. In bayan kwana uku raɓa na nan ciki, ko ka hangi ja-ja a wayar tayu, shawarata ka buɗe. Bi bakin robar da reza ta gefe uku, ka bar na huɗu ya zama ƙyaure. Wasu za su ce na yi ɓarna. Garin neman gira ba zan rasa ido ba. Biyu na buɗe, uku suka tsira a rufe.

Fumfuna ta kama mini huɗu duk da haka, fari-fari kamar gari, ɗaya da ɗigon baƙi. Ware su daga sauran nan take. Kada ka taɓa ta tana da danshi, shafewa take. In ta bushe ta zama ƙura, fita waje, sa takunkumi, ka tsaya iska na kaɗawa daga bayanka, ka kaɗe da buroshin da ba za ka sake sa wa sauran ba. Mai asma kada ya yi wannan aikin. Alkol na farmasi mai digiri 70 na taimakawa, amma yana narkar da wasu tawadoji, don haka gwada da auduga a bakin tsinke a cikin kunnen da ba a gani, kuma a bayan kwali kaɗai nake sa shi. Ruwan jabel kuwa, wato bilic na wanki, kada ma ya shigo ɗakin. Zai cire tabon yau, ya cinye takardar baɗi.

Gyaran yaga da mayar da haɗi sai komai ya bushe ƙarau. Ni sai da hunturu ya shigo na fara. Sikoc, wato salatef ɗin manne takarda, haramun ne a wannan aiki: shekara kaɗan zai yi ja, ya faɗi, ya bar maiƙo a cikin takarda. Gam mai kama nan take ma haka, ba ya warwaruwa. Ƙaro ya zo mini a rai tun da da shi malamai ke haɗa tawada, amma yana sheƙi, yana ƙeƙashewa. Abin da masu gyaran tsofaffin littattafai ke amfani da shi kokon sitacin alkama ne, don gobe in an so a cire, danshi kaɗan ya isa. Kwaɓa fulawa ta yi tauri, ƙulle a tsumma, ka yi ta matsawa cikin kwanon ruwa har ruwan ya yi fari kamar nono. Danƙon zai rage a tsumma, ka yar. Bar ruwan ya kwanta, tsiyaye na sama, abin da ya zauna a ƙasa shi ne sitacin. Cokali 1 a ruwa cokali 5, wuta kaɗan, kana damawa ba tsayawa har ya daina fari ya koma garau. Ya huce, ka tace da tsumma, ka sassauta da ruwa. A zafinmu kwana biyu yake kafin ya yi tsami, don haka dama kaɗan. Shafa shi siriri da gashin kaza, ka haɗa, ka danne. Inda ya yage, ta ciki ake yin faci. Na yi amfani da takardar ƙullin shayi, na zazzage ganyen na wanke na busar, don siririya ce mai ƙarfi. Yaga ta da hannu maimakon almakashi, bakin zai ɓace a jikin kwalin.

Su kuwa shidan da na gasa, hunturu ne ya ba ni damar komawa kansu. Busasshen kwali da ya karkace ba a miƙe shi da ƙarfi, sai an sake ba shi laima ba tare da ruwa ya taɓa shi ba. Jiƙaƙƙen tsumma a gindin babbar roba, rariya a kife a kai, kwalin a kan rariya, a rufe. Duba duk rabin awa. In ya saki jiki, awa biyu zuwa huɗu, sai allo. Kada ya kwana a ciki. Huɗu sun dawo har ana iya tsayar da su, biyu sun ƙi.

Wari kuma gawayi ne maganinsa. Zuba a kwano, sa cikin akwati tare da kwalayen ba tare da sun haɗu ba, rufe, sati uku. Uwargida ta kawo shawarar turaren wuta, na ce ta yi haƙuri, hayaƙi maiƙo ne.

Wani abu ba zai fita ba, shi ne layin nan mai launin ƙasa da ruwa ke bari a inda ya tsaya, bayan ya kwaso dattin takarda ya tara a baki. Ɗan ƙanwata ya zo da feltir, alƙalamin launi, mai ruwan ɗorawa ya ce, "Kawu, bari in shafe maka, ba wanda zai gane." Na hana. Masu saye na ganewa, kuma sun fi son tabo na gaskiya da fenti na ƙarya. In ka tashi sayarwa, faɗi cewa ya sha ruwa, faɗi abin da ka gyara.

Adakar Baba yanzu tsummoki ke ciki. Motocin na cikin akwatin roba mai murfi a kan kanta, sama da kafaɗata, jikin bangon yamma, tun da hadarinmu daga gabas yake tasowa. Kowane kwali a naɗe da farar takarda, ba a ɗaure a leda ba, da ƴan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Ina buɗewa a watan Mayu kafin ruwan fari, in sake buɗewa tsakiyar Agusta, in duba gara da kyankyaso, in shinshina. Rannan kuma nake sa yaro ya hau soro da sanda ya zunguri indararo.